Hissene Habre: Yadda Yaƙin Manya Ya Reni Ɗan Kama-karya a Chadi

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda suka saurari shirinmu na tarihin maƙwabta, ka ji mun taɓo batun Chadi a gurguje, lokaci bai bar mu mun warware shi ba. To ga shi nan a rubuce, ka zauna ka bi shi a tsanake. Abin da muke so mu gane shi ne yadda aka yi mutum ɗaya, wanda ya taɓa tsare wata Bafaranshiya kusan shekara uku a cikin duwatsun hamada, ya wayi gari Faransa na tsaronsa da jiragen yaƙi, shugaban Amurka kuma na tarbarsa a fadar White House. Sannan mu ga abin da ya yi wa mutanensa a shekaru takwas na mulkinsa, da yadda aka yi ya ƙare a kurkuku a Dakar.

Sai mun koma baya kaɗan, don ba a fahimtar Habre sai an san irin ƙasar da Faransa ta bari. Lokacin da Chadi ta sami 'yancin kai ran 11 ga Agusta 1960, ƙasar a rabe take. Kudu, inda ake ruwan sama, nan Turawa suka tilasta noman auduga tun wajen 1920 da wani abu, nan suka gina 'yan makarantun da suka gina, har suna kiran yankin da sunan Chadi mai amfani. Kai ka san abin da wannan suna ke nufi game da sauran ƙasar. Arewa da gabas, ƙasar Musulmi makiyaya da fatake, an bar su kusan yadda aka same su. Can ƙuryar arewa ma, Borku da Ennedi da Tibesti, sojan Faransa ne suka ci gaba da mulki har 1965, shekara biyar bayan an ɗaga tutar 'yanci. Saboda haka da aka zo miƙa mulki, masu ilimin bokon da za su riƙe ofisoshi galibinsu 'yan kudu ne, shugaban farko kuma, François Tombalbaye, malamin makaranta ne ɗan ƙabilar Sara.

Tombalbaye bai ɓata lokaci ba. A 1962 ya soke jam'iyyun adawa. Ma'aikatan da ya tura arewa suka riƙa karɓar haraji da jangali fiye da kima, wani lokaci sau biyu ko uku a shekara guda. A ƙarshen 1965 talakawan Mangalme, a yankin Gera, suka yi bore suka kashe masu karɓar haraji, gwamnati ta mai da martani da bindiga. Shekara ta gaba, a watan Yuni 1966, aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat a garin Nyala na Sudan, ƙarƙashin Ibrahim Abatcha. Daga nan wuta ta kama, kuma wutar da ta fi shekara ashirin tana ci. Faransa ta turo soja suka tallafi Tombalbaye, shi kuwa sai ƙara rikicewa yake yi. Ya sauya wa Fort-Lamy suna zuwa Njamena a 1973, wannan ba laifi, amma kuma ya tilasta wa manyan ma'aikata shiga daji yin yondo, wata tsohuwar al'adar shigar samartaka ta ƙabilarsa, har da dattawa da fastoci. Ran 13 ga Afrilu 1975 sojansa suka kashe shi, Janar Felix Malloum ya hau.

A cikin wannan ruɗani sunan Hissene Habre ya fito. An haife shi a Faya-Largeau a 1942, ɗan makiyaya ne daga Gorane, wato dangin Tubawa. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya yi aikin gwamnati, ya tafi Paris ya karanta shari'a da siyasa, ya dawo ya shiga tawaye a Tibesti tare da Goukouni Weddeye, ɗan Derde, babban basaraken Teda. A watan Afrilu 1974 mutanensu suka kai hari garin Bardai suka kama Turawa, cikinsu har da Françoise Claustre, mai binciken kayan tarihi. Faransa ta aiko da wani hafsa, Pierre Galopin, don ya sasanta, aka kama shi aka kashe shi a 1975. Ita matar ba a sake ta ba sai Janairu 1977. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu. Babu wanda zai ce Faransa ba ta san halin mutumin ba tun kafin ta rungume shi.

Abin da ya raba Habre da Goukouni shi ne Libiya. Akwai wani zirin hamada a kan iyakar arewa da ake kira Auzu. Tun 1973 Kanar Gaddafi ya girke soja a can, yana kafa hujja da wata yarjejeniya da Faransa da Italiya suka ƙulla a 1935, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Dubi abin mamaki: Turawa biyu sun ja layi a takarda a Roma, bayan shekara arba'in 'yan Afirka na mutuwa a kansa. Goukouni ya ga a karɓi makaman Gaddafi tukuna, batun Auzu a bar shi sai gaba. Habre ya ce sam. Suka rabu a 1976. Wannan ƙiyayya da Gaddafi ita ce jarin da Habre ya ci gaba da juyawa har ƙarshen mulkinsa.

A 1978 ya shirya da Malloum aka naɗa shi firaminista, amma zaman doya da manja suka yi. Watan Fabrairu 1979 sojan shugaban ƙasa da na firaminista suka gwabza a tsakiyar Njamena, aka yi kashe-kashe tsakanin 'yan kudu da 'yan arewa. A nan ne maganar ta shigo gidanmu. Gwamnatin Janar Obasanjo ta tara ɓangarorin a Kano a watan Maris 1979, aka sa hannu a kan yarjejeniya, Malloum ya sauka ya yi gudun hijira zuwa Najeriya, aka kuma tura sojan Najeriya Njamena. Aka sake zama a Kano, aka koma Legas, inda a watan Agusta ƙungiyoyi goma sha ɗaya suka amince da gwamnatin haɗin gwiwa: Goukouni shugaba, Kanar Kamougue na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. Ƙungiya goma sha ɗaya, kowa da sojansa, kowa da ubangidansa a waje. Ba a yi nisa ba, a watan Maris 1980, Habre da Goukouni suka sake kaurewa, aka yi wata tara ana ruwan wuta a babban birnin. Tsofaffin mutanen Kusiri ba za su manta da wannan shekara ba, lokacin da dubban jama'a suka tsallako kogi cikin kwalekwale da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu suka zarce har Gamboru da Maiduguri. A Disamba Gaddafi ya aiko da tankoki, Habre ya tsere ta Kamaru ya ɓulla Sudan. A Janairu 1981 aka ba da sanarwar cewa Libiya da Chadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya.

To a nan ne manya suka shigo da ƙarfinsu. A wannan wata na Janairu 1981 ne Ronald Reagan ya hau mulkin Amurka, yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet kuwa ya sake zafi. Ka gane yadda mutanen Washington ke kallon taswira a lokacin. Ba su ga Sara ko Gorane ko Hajarai ba, ba su ga haraji ko auduga ba. Abin da suka gani shi ne Gaddafi, mai ɗimbin tankoki da jiragen da ya saya daga Mosko, ya sa ƙafa a Chadi, gobe kuma sai Sudan ko Nijar. Gaskiyar magana, Gaddafi ba yaron Rasha ba ne yadda suke faɗi, mai kuɗin fetur ne da ke sayen makami inda ya samu, yana bin son ransa. Amma a wancan zamani ba a tsayawa irin wannan tantancewa. Wanda ya sayi bindiga a Gabas na Gabas ne, maƙiyinsa kuma namu ne. Hukumar leƙen asiri ta CIA, ƙarƙashin William Casey, ta fara tura wa Habre kuɗi da makamai a ɓoye ta hannun Masar da Sudan. Ungulu dai ba ta jewar banza.

Ƙasashen Afirka da Faransa suka matsa wa Goukouni ya sallami sojan Libiya, suka fice a Nuwamba 1981. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kawo rundunar kiyaye zaman lafiya daga Najeriya da Senegal da Zayar, kwamandanta ɗan Najeriya, Janar Geoffrey Ejiga. Goukouni ya zaci za su yi masa yaƙi, su kuma suka ce ba abin da ya kawo su ke nan ba. Habre ya taso daga gabas yana cin gari bayan gari, ran 7 ga Yuni 1982 ya shiga Njamena, Goukouni ya haye kogi zuwa Kamaru.

Yaƙi da Libiya bai ƙare ba. A 1983 Goukouni ya dawo da taimakon Gaddafi suka kama Faya-Largeau. Shugaba Mitterrand ya turo dubban sojan Faransa, suka ja layi a hamada suka ce kada wanda ya ƙetare, ƙasar ta zama biyu. A shekarar nan kuma, in ka tuna, sojan Chadi da na Najeriya suka yi artabu a kan tsibiran Tafkin Chadi, lokacin Janar Buhari na kwamandan runduna ta uku a Jos. A 1986 Faransa ta kafa wata sabuwar runduna mai jiragen yaƙi, Amurka kuma a watan Afrilu na shekarar ta yi wa Tarabulus da Bengazi ruwan bama-bamai. Sai 1987, shekarar yaƙin da duniya ta laƙaba wa sunan Toyota. Sojan Chadi, ƙarƙashin Hassan Djamous, suka ɗora makaman fasa tanka na Faransa a bayan motocin a-kori-kura, suna shigowa da gudu ta ko'ina kafin tanka ta juya bakinta. A Janairu suka ƙwace Fada, a Maris suka ci babban sansanin Wadi Dum, suka kama ɗaruruwan fursunoni da kayan yaƙi masu yawan gaske. A Satumba har cikin Libiya suka shiga suka ragargaza sansanin Maaten al-Sarra, sannan aka tsagaita wuta. Wannan jarunta ce ta gaske, ba wanda zai ƙwace wa sojan Chadi ita. Cikin waɗanda aka kama a lokacin har da wani hafsa mai suna Khalifa Haftar, wanda Gaddafi ya yi watsi da shi, daga baya Amurka ta kwashe shi ya zauna can wajen shekara ashirin. Shi ne dai Haftar ɗin da kake ji a labaran gabashin Libiya.

A watan Yuni 1987 Reagan ya karɓi Habre a White House da girmamawa. Yanzu bari mu leƙa abin da ke faruwa a gida a daidai wannan lokaci, don nan ne zuciyar maganar take.

Tun Janairu 1983 Habre ya kafa 'yan sandan ciki da ake kira DDS, waɗanda ba su da wani shugaba sai shi. Rahotonsu kan teburinsa yake zuwa. Suna da gidajen tsare mutane a cikin Njamena, har da wani a harabar fadar shugaban ƙasa. Wanda ya fi suna shi ne wani tsohon wurin ninƙaya na Turawan mulkin mallaka, wanda aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ka san zafin Njamena a watan Afrilu. To ka ƙiyasta mutum talatin ko fiye a ɗakin da bai kamata ya ɗauki biyar ba, babu iska, abinci ɗan kaɗan. Waɗanda suka fita da rai sun shaida wa kotu cewa gawa kan kwana a tsakaninsu kafin a zo ɗauka. Akwai wata azaba da suke kira arbatashar, a ɗaure hannuwa da ƙafafu ta baya a ja har ƙirji ya bankaro, mutane da yawa hannunsu ya shanye daga nan. Akwai ɗura ruwa, akwai wutar lantarki, akwai sa bakin mutum a salansar mota. An kuma kai mata sansanin soja a hamada aka mai da su bayin kwanciya.

Abin ya bi ƙabila-ƙabila. A 1984 aka afka wa kudu, inda 'yan tawayen da ake kira kodo suke, aka karkashe masu ilimi da sarakuna da ƙauyawa, har ake kiran lokacin Baƙar Satumba. A 1987 sai Hajarai, waɗanda da abokan yaƙinsa ne. A 1989 sai Zagawa, bayan da ya zargi manyan jami'ansa uku da shirya juyin mulki. Hassan Djamous, gwarzon Wadi Dum, a hannun gwamnatin da ya yi wa yaƙi ya mutu. Ɗaya daga cikin ukun ya tsira ya kai Sudan, sunansa Idriss Deby. Wani ma'aikacin hukumar Tafkin Chadi, Souleymane Guengueng, wanda aka kama a 1988 a kan zargin banza, ya yi alkawari a cikin kurkuku cewa in Allah ya fitar da shi sai ya nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Ka riƙe sunansa.

Shin Amurka da Faransa sun sani? Ƙungiyar Amnesty tana ta fitar da rahoto tun shekarun farko. Takardun DDS da aka gano daga baya sun nuna an kai wasu jami'anta horo Amurka. Ni dai a ganina, ba rashin sani ba ne, lissafi ne. Mutumin yana yi musu aikin da suke so a kan Gaddafi, saboda haka abin da yake yi a bayan katanga ba ya cikin lissafin. Kuma kada ka ɗauka ɓangare ɗaya ne ke haka. A daidai shekarun nan Mosko na ɗaure wa Mengistu gindi a Habasha yana kashe nasa mutanen, Washington kuma na ciyar da Mobutu a Zayar. Kowane babba da irin nasa.

Abin da ya ɗaga shi kuwa shi ya sauke shi. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba 1989, yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, Gaddafi ya riga ya sha kashi. Amfanin Habre ya ragu. A taron La Baule na Yuni 1990 Mitterrand ya gaya wa shugabannin Afirka cewa daga yanzu taimako zai bi dimokuraɗiyya, Habre na cikin waɗanda suka nuna ba su ji daɗi ba. Faransa ma ta daɗe tana jin haushin yadda ya karkata ga Amurka. Da Deby ya taso daga Darfur a Nuwamba 1990, da makaman da Libiya ta taimaka masa da su, sojan Faransa na nan a sansaninsu, suka naɗe hannu. Ran 1 ga Disamba Habre ya tsallaka Kamaru da biliyoyin sefa na baitulmali, daga can ya wuce Dakar. Aka buɗe gidajen yari, waɗanda suka rage suka fito kamar ƙwarangwal.

Kwamitin bincike da sabuwar gwamnati ta kafa, ƙarƙashin alƙali Mahamat Hassan Abakar, ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum wajen 40,000. Ƙiyasi ne, sunayen da suka iya tattarawa ba su kai 4,000 ba, su da kansu suka ce abin da suka gano ɗan kaɗan ne daga abin da ya faru. Rahoton ya shiga aljihun tebur, don da yawa daga cikin tsofaffin jami'an DDS sun sami muƙami a sabuwar gwamnati, Deby kansa kuma shi ne babban hafsan soja lokacin Baƙar Satumba. Habre ya yi zamansa a Dakar, ya yi gidaje, ya yi aure, ya shiga cikin manyan gari.

Guengueng kuwa bai manta da alkawarinsa ba. A ɓoye ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan mamata yana rubuta bayanansu, har ya tara na mutum ɗari bakwai da wani abu. Da aka kama Pinochet na Chile a Landan a 1998, sai suka ga ashe tsohon shugaba ma yana kamuwa. A farkon 2000 suka shigar da ƙara a Dakar, wani alƙali ya tuhumi Habre, amma kotunan sama suka ce Senegal ba ta da hurumi. Suka tafi Beljiyam. A 2001 Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch da abokin aikinsa suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa, ƙura ta rufe su. A ciki aka ƙirga sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Gwamnatin da ta fi kowa son rubuta rahoto, rahotonta ne ya kama ta. A shekarar ce kuma aka jefa wa lauyarsu, Jacqueline Moudeina, gurneti a Njamena, ta ji munanan raunuka, ta warke ta koma bakin aiki.

Shugaba Abdoulaye Wade ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, yau batun kuɗi, gobe batun doka. Sai a Yuli 2012 kotun duniya da ke Hague ta ce wa Senegal ko ta yi masa shari'a ba da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi. Macky Sall ya riga ya hau mulki, ya amince da Tarayyar Afirka aka kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal. Aka fara zama ran 20 ga Yuli 2015. Habre ya ƙi amincewa da kotun, sai da aka ɗauko shi da ƙarfi, ya zauna cikin farar babbar riga da rawani ya rufe fuska, da baƙin tabarau, bai ce uffan ba har aka gama. Shaidu fiye da 90 suka wuce ta gabansa. Ran 30 ga Mayu 2016 alƙali Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso, ya same shi da laifin cin zarafin bil'adama da laifukan yaƙi da azabtarwa, ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Wannan ne karo na farko da kotun wata ƙasar Afirka ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar a kan irin waɗannan laifuka. Mutum ɗaya aka gurfanar a Dakar. Waɗanda suka ba shi kuɗi da makamai daga Washington da Paris ba wanda ya kira su ko a matsayin shaida.

Batun Auzu, wanda aka zubar da jini a kansa, alƙalai ne suka raba shi a ƙarshe. A Fabrairu 1994 kotun duniya ta ce na Chadi ne, Libiya ta kwashe sojanta cikin 'yan watanni ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

A Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin Habre, ta kuma ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82 ta hanyar wani asusu na Tarayyar Afirka. Habre ya mutu da cutar korona a Dakar ran 24 ga Agusta 2021, wata huɗu bayan an kashe Deby a fagen daga, aka binne shi a can Senegal. Ranar da ya mutu, ko dala ɗaya daga wannan asusu ba ta shiga hannun kowa ba, da yawa kuma daga cikin waɗanda suka ba da shaida sun riga shi tafiya.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu haura Sudan mu duba zamanin Ja'afar Numeiri.